Motar da Za Ta Ƙetare Tenere

Ta gabas, kwalta ba ta wuce Agadas ba. Mai zuwa daga Damagaram ta Tanut zai yi ƙorafin ramuka da wuraren da titin ya zaizaye, mai wucewa arewa zuwa Arlit ma haka, amma ko ba komai titi ne. Wanda ya fuskanci Fashi da Bilma kuwa, babu abin da wani injiniya ya shimfiɗa masa. Kimanin kilomita 600 ne na tsakuwa da dutse da rairayi, ba gidan mai, ba mai faci, ba sabis ɗin waya. Saboda haka tafiyar Bilma ba ranar tashi take farawa ba. Tana farawa ne kwanaki kafin nan, a gareji, mota na bisa jak, makanike na kwance a ƙarƙashinta.

Baƙon da ya fito daga Kano ko Abuja zai sha mamaki a nan. Abin da ya saba gani da sunan motar daji shi ne jif da aka ɗaga sama, aka sa mata tayoyi masu faɗi da manyan haƙora, aka jera mata fitilu a goshi, aka ɗaura mata injin jan igiya a gaba. A garejojin Agadas ba a ganin irin wannan sai jefi-jefi. Abin da ya cika wurin fararen Toyota ne masu buɗaɗɗen baya, Hilux da Land Cruiser, waɗanda 'yan Nijar ke kira kat-kat. Yashi ya cinye fentin gabansu, gilashinsu ya dusashe. Wanda bai sani ba zai ɗauka ba a taɓa musu komai ba tun fitowarsu daga kamfani, sai fa in ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

A ƙasan aikin yake. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ba ta daina ba, bayanta a kan sifirin na faifayen ƙarfe yake zaune, an jera su ɗaya bisa ɗaya an ɗaure. Kamfani ya tsara ta ɗauki kaya kimanin tan ɗaya, hamada kuwa ba ruwanta da tsarin kamfani. Don haka abin da makanike ke fara yi shi ne ya kwance sifirin, ya ƙara faifai biyu ko uku, galibi na wata tsohuwar mota da ta riga ta mutu, ya sake ɗaurewa tamau. Motar da aka yi wa haka, idan babu kaya, tsalle take yi tana wahalar da ƙugun direba. Sai an loda mata ganguna sannan ta natsu. Wasu kan ƙara shokozoba ta biyu a kowace ƙafa, mai walda ya ƙera mata mazauni. Daga nan a bi shasi da fitila ana neman inda ya fara tsagewa, a liƙa masa ƙarfe. Sai dai akwai abin da mai mota ba ya son a tuna masa: ƙarin sifirin ba ya ƙara wa aksil ƙarfi, ba ya ƙara wa boris, ba ya ƙara wa birki. Nauyin da sifirin ya daina kuka da shi bai je ko'ina ba, kansu ya koma.

Injin kuwa, tsofaffin direbobi ba sa son a taɓa musu shi, kuma suna da hujja. Wanda suka fi yarda da shi na dizal ne mai silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990 ta sa masa suna 1HZ. Ba shi da wani ƙarfi na a-zo-a-gani, doki 130 ne ko ƙasa da haka kaɗan, abin da ƙaramar motar gida ta yau ke bayarwa. Ba turbo, ba kwamfuta. Famfon mansa ƙarfe ne zalla, kuma nan sirrin yake. Man da ake samu a can cikin hamada daga ganga yake fitowa, ganga kuwa ba ta rasa tsatsa da ƙura, wani lokaci har da ruwa. Injin zamani, mai fesa mai da matsanancin ƙarfi ta ƙofofin da suka fi hancin allura ƙanƙanta, ƙazanta kaɗan ke kwantar da shi, kuma idan fitilar gargaɗi ta kama a tsakiyar hamadar Tenere babu mai na'urar da zai karanta abin da take nufi. Shi kuwa tsohon injin zai yi tari, ya yi hayaƙi, a canza masa filta, a fitar da iskar da ta shiga tiyo, ya ci gaba da tafiya. Gyaran da ake yi masa bai wuce biyu ba: a ƙara filtar mai ta biyu wadda ke raba ruwa da dizal, sannan a ɗaga hancin shan iskarsa da bututun da ke bin gefen gilashi ya hau zuwa rufi, inda ƙurar da tayoyi ke tayarwa ta yi sauƙi.

Matasa na da nasu ra'ayin. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, 'yan fashi kuma suka ƙaru a hanya, gudu ya zama abin nema. Masu kuɗi suka karkata ga Land Cruiser mai injin fetur V6 da Hilux ɗin fetur da ake shigowa da su daga Libiya. Suna tashi a rairayi yadda dizal ba ya iyawa, amma shan mansu ba a magana.

Amincewar da mutanen Sahara suka yi da wannan mota ba talla ce ta jawo ta ba. A 1987, a arewacin Cadi, sojojin Hissène Habré ƙarƙashin kwamandansu Hassan Djamous sun fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum da irin waɗannan akori-kura, an girka musu makamai masu linzami na Faransa a baya. Har yau Yaƙin Toyota ake kiran wannan karo.

Sai lissafin mai, wanda shi ke tsara sauran komai. A kan kwalta Land Cruiser ɗin dizal na shan lita 12 zuwa 14 a kilomita ɗari. Idan ta shiga rairayi mai taushi da kaya a bayanta, lita 20 ba abin mamaki ba ne, ta fetur kuwa tana iya zarce 30. Wasu kan zo da tanki biyu daga kamfani, lita 90 kowanne. Wadda ba ta da na biyu, ko dai mai walda ya ƙera mata, ko a ɗaure ganga mai lita 200 daf da bayan kai, a jawo tiyo. Inda aka ajiye gangar ba wasa ba ne. In ta koma can ƙarshen bodi, bayan aksil, gaban mota zai yi shawagi, sitiyari ya riƙa yawo a hannu, shasi kuma ya riƙa lanƙwasawa a kowane tudu har ranar da zai karye. Direba mai hankali yana lissafin zuwa da dawowa, sannan ya ƙara wani kaso saboda ɓatan hanya da kewaye da kafewa. Gangar dizal ɗaya, da ƙarfenta, ta kusa kilo 190. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya, ba ragi. A haɗa gangar mai da ruwa da safaya biyu da kayan aiki, rabin tan ɗin nan ya tafi tun kafin a ɗora buhun shinkafa ko fasinja guda.

Ruwan ba a tanki ɗaya ake zuba shi ba. Jarkoki ake rarraba shi, don in ɗaya ta tsage kada a yi asarar duka. Ana ɗinke su cikin buhu, a riƙa jiƙa buhun, iska ta sanyaya abin da ke ciki. Har yanzu kuma akwai direban da ba ya tashi sai ya rataya salka a gefen mota.

Taya ita ce abin da baƙo ya fi yi wa kallon raini, ita ce kuma ta fi komai muhimmanci. Tsofaffin hannu siririya doguwa suke so, mai lamba 7.50 a kan rim 16, mai tub a ciki, kuma a kan rim mai rabuwa. Dalilin rim ɗin shi ne da guduma da ƙarfe biyu yaron mota zai ɓalle shi a tsakiyar daji, ya ciro tub, ya yi faci, ya mayar. Hatsarinsa shi ne zoben da ke kulle shi: in bai zauna daidai ba aka hura iska, yana iya tsalle ya illata mutum, shi ya sa ake kifa tayar ƙasa kafin a hura. Ita kuwa taya mai manyan haƙora ta laka ce. A rairayi haƙoranta haƙa suke yi, mota ta binne kanta da kanta. Tayar da ta ɗan sha hanya, haƙoranta suka lafa, ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, kuma shahararriyar tayar Sahara ta Michelin mai suna XS kusan haka aka ƙera ta tun asali.

Abubuwan da ba a sa wa motar ma suna da labari. Injin jan igiya na bukatar abin da za a ɗaura igiyar, a Tenere kuwa ba bishiya ba dutse, sai dai a haƙa rami a binne safaya a ɗaura a jikinta, aikin da ya fi tono motar wahala. Ɗaga mota sama da loda kaya a rufi kuwa neman kifewa ne a gefen tudu. Abin da ake ɗauka a madadinsu ba ya ɗaukar ido: shebur biyu, jak da katakon da zai zauna a kai, famfon iska, fanbel, tiyon lagireto, boris, babban faifan sifirin guda a ɗaure ƙarƙashin bodi, igiyoyin roba da aka yanka daga tsohon tub, sabulu don toshe tankin da ya tsiyaya, sai kuma dogayen farantan ƙarfe masu huji-huji da direbobi ke kira tol. Asalin irinsu na shimfiɗa filin jirgin sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A aljihun direba kuma akwai GPS da wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan Adam.

An daɗe ana tashi daga Agadas ranar Litinin, saboda ranar ce ayarin soja ke rakiyar motoci zuwa Dirku. Tun la'asar bakin gari ya cika. Manyan motocin Marsandi sun sha lodi har ba a ganin jikinsu, jarkoki da katifu na lilo ta ko'ina, mutane a can bisa. Su kuwa Hilux ɗin masu zuwa Libiya, gyaransu na ƙarshe ba ƙarfe ba ne, itace ne: sanduna da ake cusawa a tsaye a bakin bodi. Fasinja zai zauna a kan jakarsa, ƙafafunsa na reto a waje, ya rungume sandar a tsakanin cinyoyinsa. Kimanin mutum 25 ake jerawa a haka, a bayan motar da aka ƙera don tan ɗaya. Ko kowannensu kilo 60 ne, tan ɗaya da rabi ke nan, ban da mai da ruwa.

A wata irin wannan Litinin, wani ƙaramin ayari na masu zuwa Bilma ya bi sahunsu. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda ta kai mita 27 kuma da laka aka gina ta, ta daɗe tana leƙowa a madubi kafin ƙura ta rufe ta. Zangon farko ba rairayi ba ne. Gindin duwatsun Abzin ne, tsakuwa da busassun ƙoramu da hanya mai gargada, kuma a nan ake gane ko makaniken ya ci kuɗinsa da halal. Gargada na girgiza mota ba ƙaƙƙautawa. Noti na kwancewa da kansa, batirin da ba a ɗaure ba na tsalle har ya fasa kansa, shokozoba na zafi har ba ta taɓuwa. A nan taya a cike take, domin dutse mai kaifi gefen taya yake nema, kuma taya mai ƙarancin iska gefenta take miƙa masa. Duk inda aka tsaya, direban ɗaya daga cikin motocin, wani dattijon Ba'abzine mai rawani har hanci, ba ya shan ruwa sai ya zagaya motar yana ɗora bayan hannunsa a kan kowace cibiyar ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, boris ɗinta ya fara magana.

Bayan fiye da kilomita 200, duwatsu suka janye, ƙasa ta shimfiɗe, aka iso Bishiyar Tenere. Babu bishiya a wurin. Wata 'yar itaciyar ƙaya ce ta tsaya nan ita kaɗai shekara da shekaru, ayarin gishiri na yada zango a gindinta, ba mai karya mata reshe ko don dafa shayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da ba abin da zai kauce wa sai ita. An kwashi gawarta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. A nan hanya ke rabuwa: masu zuwa Dirku su bi ta rijiyar Ashegur, masu zuwa Bilma su miƙe gabas zuwa Fashi.

A nan ne kuma ake yin gyaran da ya fi duk na gareji tasiri, wanda ko sisi ba a biya.

"Kai yaro, rage iska," in ji direban.

"To, maigida."

Yaron ya tsuguna da tsinken ashana yana danna bawul, taya na huci. Daga kilo uku da ɗoriya aka sauko zuwa ɗaya da rabi, wato a ma'aunin masu facin Najeriya daga wajen 45 zuwa 20 da 'yan kai. Mutane da yawa na zaton faɗi tayar ke ƙarawa. Tana ƙarawa kaɗan, amma tsawon inda ta taɓa ƙasa shi ke ƙaruwa sosai, nauyin mota ya bazu a kan fili mai yawa, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa idan ya taka. Motar da ɗazu take nishi a giya ta biyu sai ga ta tana tafiya a ta huɗu. Yaron ya murɗa makullan cibiyar ƙafafun gaba, domin in ba a kulle su ba, ko an sa giyar ƙafa huɗu, na baya kaɗai ke aiki, kuma ba direba ɗaya ba ne ya taɓa kafewa saboda wannan mantuwa. Rage iskar ma da sharaɗinsa. Taya mai laushi tana lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasawa na haifar da zafi, zafi da gudu da nauyi kuwa su ke fasa taya. In aka yi kwana da ƙarfi tana iya ficewa daga rim, ko tub ya zame ya tsinke bawul. Saboda haka da an koma kan tsakuwa sai a tsaya a sake hurawa, ko da sau nawa ne a yini. Direban da ke ƙyashin wannan tsayawa shi ke ƙarasa tafiya ba safaya.

Duk da haka aka kafe, da azahar, lokacin da rana ta gasa rairayin ya saki. Direban bai ƙara wuta ba. Da ya ji motar ta fara nutsewa sai ya ɗaga ƙafa, domin kowane juyin taya a wuri ɗaya ƙarin rami ne, kuma da zarar cikin mota ya zauna a ƙasa, aikin minti goma ya zama na awa biyu. Aka sauko, aka kwashe yashin gaban tayoyi huɗu, aka cusa tol, aka ƙara rage iska, aka sa ƙaramar giya. Motar ta hau ƙarfen ta fice, kuma ba ta tsaya ba sai da ta sami ƙasa mai ƙarfi can gaba. Yaron mota ne ya biyo ta a ƙafa, yana jan farantan da suka yi zafi, yana faɗin abin da ba a rubutawa.

Da dare sanyi ya sauko, domin a hunturu ma'aunin zafi a nan na iya kusantar sifili. Aka binne ƙullin tagella a cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, aka ɗora shayi. Tun kafin fitowar rana kuma an ciro filtar iska ana kakkaɓewa, ana bin notin sifirin da na ƙafafu da sifana. Sammakon na da dalili: da sanyin safiya rairayi ya fi ɗaukar mota, kuma inuwa na nuna bakin kowane tudu. Da rana ta take tsaka inuwa ta ɓace, ƙasa ta zama fari ɗaya, direba na iya hawa tudu bai san cewa bayansa gangare ne a tsaye ba.

Fashi ta bayyana a gindin wani dogon dutse: dabino, ramukan gishiri, gidajen Barebari, da tsohuwar ganuwa mai manyan rumbuna a ciki, inda mutanen gari ke fakewa a zamanin hare-hare. Daga nan zuwa Bilma ne ainihin jarrabawar. Tuddan rairayin dogaye ne, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, yadda iskar hunturu ta shata su. Ana bin lungun da ke tsakaninsu, amma dole wani lokaci a ƙetare ɗaya. Ƙa'idar ba ta canzawa: a hau a miƙe da isasshen gudu, a saki wuta daf da ƙololuwa, a sauka a miƙe cikin giya, ba birki, ba kwana. Motar da ta karkace a gangare, tayoyin gefen ƙasa su nutse, nauyi ya koma can, shi ke nan. A wannan wuri ne ake gane dalilin da ya sa aka hana ɗora ganga a rufi.

A ɗaya daga cikin lungunan aka ci karo da ayarin raƙuma, madugu a gaba, suna tafiya ba tsayawa. Kaka ce lokacinsu. Su ne masu kai gero Bilma su dawo da gishiri da dabino, daga baya su gangara da shi kasuwannin ƙasar Hausa. Turawan Faransa sun rubuta cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000. Na yau bai kama ƙafar wannan ba, amma lissafinsu da na mai mota ɗaya ne: su ma harawar da dabbobi za su ci a kan dabbobin take, har sukan ajiye wasu ɗaure a hanya saboda dawowa.

Zafin injin ya fi damun mai komowa. Mai zuwa gabas iska na dukan fuskarsa, lagireto na shan iska. Mai dawowa yamma iskar na bayansa, wani lokaci gudunta daidai da nasa, ga inji na aiki da ƙarfi a ƙaramar giya, sai allura ta fara hawa. Maganin shi ne a juya motar ta fuskanci iska, a bar injin yana aiki, a jira. Wannan matsala ta girmi Toyota. Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya riƙa ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford a shekarun 1920 da 1930, ya jawo tiyo daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani mai ruwa, tururi ya huce a ciki, in injin ya yi sanyi ya zuƙe ruwansa ya mayar. 'Yar robar da ke gefen lagireton kowace mota a yau aikin nan take yi. Akwai kuma makanikan da maganinsu shi ne su cire tamostat su jefar. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye cuta ne: injin zai daɗe bai ɗumama ba a sanyin asuba, lagireton da ya toshe kuma yana nan a toshe. Wanke lagireto da sabon fanbel da fanka mai lafiya sun fi.

Direbobin Agadas ba jiya suka fara wannan sana'a ba. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata da babur a wannan yanki yana tsere, aka ceto shi, shekara ta gaba ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya riƙa ratsa Agadas da Tenere. Masu yawon buɗe ido suka biyo baya. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa tun bayan rasuwarsa a hatsarin jirgi a 1995, da kamfanin kai baƙi hamada ya yi suna. Tawaye da satar Turawa suka kashe wannan kasuwa, amma direbobin da motocin na nan, sai suka koma jigilar masu zuwa Libiya da masu haƙar zinariya.

Daga nan labarin ya yi muni. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kantche na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, hanya ta canza. Direbobi suka daina bin ayarin soja, suka riƙa kauce wa rijiyoyi saboda a nan jami'ai ke jira, suka riƙa shiga da mota ɗaya tilo inda ba sawun kowa. Hanya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara yawa a bodi, kuma tun da kujerar fasinja kuɗi ce, ruwa ne ke raguwa. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, motoci suka dawo fili. Lodin dai bai ragu ba.

Bilma na kwance ne a gindin dutsen Kawar, kuma bayan kwanaki cikin fari fat, korenta har ciwon ido yake sawa. Shekara na iya wucewa ba a ga ruwan sama na kirki ba, amma ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana shayar da lambuna. A Kalala, bayan gari, ruwan gishiri na ƙafewa a ramuka masu launin ja da ruwan ɗorawa, ana kwashewa, ana cusawa a mazubin kututturen dabino, a kife, kantu ya fito. Shi ne kantun da makiyayi ke saya wa shanunsa a kasuwannin Damagaram da Kano. Direban bai je kallo ba. Yana ƙarƙashin motar, ya tarar faifan sifirin ɗaya ya tsage, ya naɗe shi da roba kafin a sami mai walda. Mai kuwa sai an ƙarasa Dirku, ƙasa da kilomita 50 arewa, kuma shi ma sai an tace shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki.

Mai sha'awar wannan hanya ya sani cewa ba a shigarta sai da izinin hukuma, baƙo ɗan ƙasar waje kuma sai da rakiyar soja. Ya nemi ɗan jagora daga mutanen wurin ko da yana da GPS, ya bar wa wani a Agadas ranar da ya kamata a ji ɗuriyarsa, kuma kome kyan gyaran da aka yi wa motarsa, kada ya tashi sai da mota ta biyu.